Sarƙa da Sandar Takai

Gida ɗaya ne, amma sunayen da Bahaushe ya raɗa masa sun fi biyar. Mai cewa gidan yari ya tuna da Yari, mai sarautar da aka damƙa wa tsaron ɗaurarru a fadar sarki. Mai cewa kurkuku, ƙunci da duhu yake ji. Akwai gidan kaso, akwai jarun, akwai gidan wakafi na wanda ake jiran a yanke masa hukunci. Gidan maza kuwa faɗar masu ƙarfafa wa juna gwiwa ce, irin 'yan siyasar da aka sha ɗaurewa saboda bakinsu, don kada abokin hamayya ya ji daɗi. A zangunan Ghana an fi sabawa da tsohon suna, gidan sarƙa, wanda ke ciki kuma ɗan sarƙa. Kalmar ta bi hanyar da Hausa ta bi zuwa Gwanja har ta zauna a bakin masu ƙasa: Dagombawa na cewa sarika, Kusasawa na cewa sariga. Duk cikin sunayen nan babu wanda ya yi alƙawarin komai. Kowanne ya faɗi abin da ake yi wa mutum a can ne, ya yi shiru.

Sabon sunan shi ne mai alƙawari. A watan Agustan 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta sauya sunan hukumar gidajen yarin Najeriya, daga nan gidajen rediyo da jaridun Hausa suka koma cewa gidan gyaran hali. Ghana ba ta taɓa sunan tata hukumar ba, amma dokarta ta 1972 ta ɗora mata abu uku: ta tsare fursuna, ta kula da lafiyarsa da walwalarsa, sannan ta gyara shi. Sai dai na ukun an rataya masa sharaɗi, an ce a yi shi idan yin zai yiwu. Wato dai, in da hali.

A nan harshe ya kama mu. Hali ba abu ɗaya ba ne. Akwai halin da ake gane mutum da shi, wanda magabata suka ce zanen dutse ne. Akwai halin da mutum ke ciki, na rashin lafiya ko na yunwa ko na tsoro. Akwai kuma halin da ake cewa wane yana da shi, wato abin hannu da ikon yi. Idan jami'i ya ce gyaran hali, na farkon yake nufi. Idan ka tambayi ɗan sarƙa, na biyun zai fara kawo maka. Ranar da aka buɗe masa ƙofa kuwa, na ukun ne ke tsaye yana jiran sa a bakin titi.

Halin da ake ciki a gidajen sarƙar Ghana ba ɓoyayye ba ne. An gina su don mutum kimanin 10,000, amma a 'yan shekarun nan waɗanda ke ciki sun haura 13,000. A baya an shafe fiye da shekara goma kuɗin ciyar da fursuna ɗaya a yini guda yana sidi 1.80, kuɗin da ba ya sayen koko da ƙosai na kirki a tashar Tamale. Mutane sun yi shekaru a tsare ba a yanke musu hukunci ba, har sai da aka ƙirƙiro shirin Justice for All a 2007, inda alƙalai ke shiga gidan yarin da kansu su zauna su duba takardun waɗanda aka manta da su. Ɗan jarida Ibrahim Oppong Kwarteng da gidauniyarsa ta Crime Check sun nuna wa ƙasar mutanen da ƙaramin laifi ya kai kotu, aka ci su tara, suka kasa biya, aka ɗaure su. Waɗannan ba mugun hali ne ya rufe su ba. Rashin hali ne.

To wanda ya san duk wannan, in aka zo masa da zancen a kai kiɗa da rawa gidan yari, yana da haƙƙin ya yi tsaki. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Babu gangar da za ta maye tuwo, babu waƙar da za ta faɗaɗa ɗakin da mutum arba'in ke kwana a gicciye. Duk wanda ya kawo rawa don a daina maganar abinci da magani da shari'a, mayaudari ne. Amma ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na kula da fursunoni, waɗanda aka sabunta a 2015 aka sa musu sunan Nelson Mandela, ba su ware al'adu da nishaɗi a matsayin ƙwalisa ba. Ƙa'ida ta 105 ta sa su cikin abin da ya wajaba kowane gidan yari ya tanada saboda lafiyar jiki da ta hankali. Dalilin hakan ya fi sauƙin gani a filin rawa fiye da a takarda.

Kanvili unguwar Dagombawa ce a arewacin Tamale, cikin ƙaramar hukumar Sagnarigu, inda tsofaffin ɗakunan zagaye ke maƙwabtaka da gidajen bulo. A irin wannan unguwa, in sha'ani ya kama aka ce za a yi Takai, maza ne ke fitowa cikin manyan rigunan fugu na saƙi, da wando buje, da takalman fata masu tsawo. Kowa riƙe da siririyar sandar ƙarfe. Sai su yi da'ira, makaɗa a tsakiya: masu lunga, wadda ƙanwar kalangu ce da ake matsewa a hammata, da masu gungon, ganga mai tsarkiya da ke ba ta amo mai zuga. In kiɗa ya tashi, kowane ɗan rawa zai taka, ya juya, rigarsa ta buɗe ta yi faifai, ya ɗaga sanda ta haɗu da ta wanda ke gabansa. Ya sake juyawa ta haɗu da ta wanda ke bayansa. Ƙarar ƙarafan na sauka a lokaci ɗaya, ƙwal, ta shiga cikin kiɗan ta zama wani ɓangarensa. Makaɗa na iya sauya salo zuwa Nyagboli ko Kondaliya, takun ya sauya, amma ƙa'idar tana nan.

Duba abin da ake nema daga mutum a cikin wannan da'ira. An ba shi ƙarfe a hannu. An sa wani mai ƙarfe a bayansa, inda idonsa ba ya gani. In ya yi gaggawa, sandarsa za ta sari iska. In ya yi nawa, ta ɗan'uwansa za ta sauka a yatsunsa ko a goshinsa. In ya zuba ƙarfinsa duka, ya ɓata amon, kowa kuma ya ji daga inda ɓarnar ta fito. Dole ya kai duka iya inda aka yarda, a daidai lokacin da aka yarda, ya kuma juya wa mutum baya yana mai sakankancewa cewa ba za a cuce shi ba. Babu wanda ke yi masa wa'azin haƙuri ko na amana. Ƙafarsa da kafaɗarsa ne ke koyo, kuma abin da jiki ya koya yana da wuyar mantuwa.

Zaman sarƙa akasin wannan yake koyarwa. Yana koya wa mutum ya kwana da ido ɗaya, kada ya bar kowa a bayansa, ya riga kowa kai hannu ga kwano. Lokacinsa ba nasa ba ne: a buɗe, a ƙirga, a rufe. Mutumin da ya yi shekara biyar a haka ba ya fitowa da halin da ya shiga da shi, yana fitowa da wani sabo da gidan ya saƙa masa. Wannan ma ya isa ya sa mu sake duba karin maganar nan ta zanen dutse. Da hali ba ya sauyawa sam, da kurkuku ba ta lalata kowa ba. Tunda mun yarda tana lalatawa, mun yarda ke nan cewa babban rabo na abin da muke kira hali sabo ne, abin da aka maimaita har ya zauna. Abin da maimaici ya dasa, maimaici na iya tumɓukewa, in dai an samu wani abin da za a maimaita a madadinsa.

A birnin Thiès na Senegal an gwada abin da ya yi kusa da wannan ƙwarai. Wata ƙungiya mai suna Pour le Sourire d'un Enfant, ƙarƙashin Nelly Robin, ta shiga koya wa yaran da ke tsare wasan takobi irin na gasar Olamfik. Yaron da faɗa ya kawo shi gidan yari, sai a miƙa masa takobi, a sa masa farin kaya da marufin fuska, a ce ya gaida abokin karawarsa kafin a fara, ya tsaya cak in alƙalin wasa ya ce a tsaya, ya miƙa hannu in an gama ko shi aka ci. A Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso, wadda ba ta da nisa sosai da arewacin Ghana, gwanin rawa Aguibou Bougobali Sanou ya shafe watanni yana shiga gidan yarin garin yana koyar da fursunoni har suka kai ga yin wasa a gaban jama'a. A Kalkata ta Indiya, Alokananda Roy ta fara irin wannan aiki a 2007. Ɗalibanta sun fito da wasan Rabindranath Tagore mai suna Valmiki Pratibha, labarin ɗan fashin da ya zama mawaƙi. Wanda ya fito a matsayin ɗan fashin, Nigel Akkara, da aka sake shi ya kafa kamfanin share-share da gadi yana ɗaukar tsofaffin fursunoni aiki, ya kuma zama ɗan fim.

Sai dai a yi hattara da irin waɗannan labarai, don masu daɗin ji ne. Masu shirye-shiryen nan kan ce ɗalibansu ba su cika komawa gidan yari ba, kuma yana iya zama gaskiya. Amma wanda ya ɗaga hannu da kansa ya ce zai shiga ajin rawa ko na wasan kwaikwayo, sau da yawa dama ya riga ya fara juyowa a zuciyarsa. Rawar ba ita ta ƙirƙiri niyyar ba. Abin da ta yi shi ne ta ba niyyar wurin zama da abokan tafiya, ta hana ta mutuwa a cikin cunkoso. Wannan ma ba ƙaramin aiki ba ne, kuma ya fi kyau a faɗe shi iya girmansa da a kumbura shi.

Akwai kuma rawar da ba gyara ba ce. A 2007 duniya ta kalli wani bidiyo daga gidan yarin Cebu a ƙasar Filifin: fursunoni kusan 1,500 cikin kaya ruwan lemo, a jere, suna taka rawar waƙar Thriller ta Michael Jackson. Byron Garcia, mai ba lardin shawara kan tsaro kuma ɗan'uwan gwamnar wurin, shi ya tsara abin. Miliyoyin mutane sun kalla a YouTube, 'yan yawon buɗe ido suka riƙa zuwa kallo. Amma masu kare haƙƙin ɗan Adam sun yi tambayar da ta dace: wanda ke kulle, in mai makulli ya ce tashi ka yi rawa, yana da bakin cewa a'a? Hausa ta bambance abu biyun nan sarai. Mutum ya yi rawa daban, a sa shi rawa daban. Na biyun kan yi kama da na farkon a idon ɗan kallo, amma a jikin mai yi fareti ne kawai, wani nau'in ƙirga da jeri. Alamar da ake gane su ba ta da wuya. A dubi ko an tilasta, a dubi wanda ake yi dominsa, a kuma dubi ko ɗan rawa yana da suna ko kuwa ɗigo ne cikin ɗigo dubu. In ranar da babban baƙo zai zo ne kaɗai ake fito da ganga, to ba don fursuna aka saye ta ba.

Maganar suna ita ce ta kawo mu ga abin da Dagbon, ƙasar Dagombawa, ke da shi wanda wurare da yawa ba su da shi. A ƙasar nan makaɗi ba mai nishaɗantarwa ba ne kawai. Lunsi, wato zuriyar masu lunga, su ne ma'ajiyar tarihi. Suna danganta asalinsu ga Bizung ɗan Naa Nyagsi, shugabansu Namo-Naa yana Yendi, kuma a daren salla sukan zauna a ƙofar fada su jero tarihin sarakuna har gari ya kusa wayewa. John Miller Chernoff, Ba'amurken da ya yi shekaru yana koyo a hannun Alhaji Ibrahim Abdulai a Tamale, ya rubuta da yawa kan wannan ilimi. Abin da ya shafi zancenmu shi ne aikin lunga na yau da kullum. Mai lunga in ya hango ka a kasuwa ko wurin biki, zai matso ya matse gangarsa ta yi magana, ya kira ka da taken kakanka, ya faɗi gidan da ka fito da wanda ya haifi wanda ya haife ka. Dattijo mai furfura sai ka ga ya tsaya, ya gyara tsayuwa, ya laluba aljihu. Ba kuɗin waƙa ya biya ba. An tuna masa ko shi wane ne a gaban mutane.

Gidan sarƙa kuwa suna yake fara karɓewa, tun kafin ya karɓi tufafi. Mutum ya zama lamba, ya zama laifinsa: ɓarawon babur, mai wiwi, wanda ya sari wane. In ya fito, sai gari ya ba shi suna na uku wanda ya fi sauran nauyi, tsohon fursuna. Lura da yadda kalmar take. Tsohon ɗalibi ya gama makaranta, tsohon soja ya ajiye kaki, amma tsohon fursuna a kunnen mutane bai gama komai ba. Da sunan za a ƙi ba shi hayar ɗaki, da shi za a mayar da goron neman aurensa, da shi takardar shaidar 'yan sanda za ta rufe masa ƙofar aiki. Alƙali ya yanke shekara uku, unguwa ta mayar da ita rai da rai.

Babban abin da fasaha ke yi wa ɗaurarre shi ne ta ba shi wani sunan da zai yi takara da wancan. A gidan yarin New Bell na Douala a Kamaru, Dione Roach da Steve Happi sun kafa ɗakin ɗaukar waƙa mai suna Jail Time Records a 2018, daga baya suka buɗe wani a wajen katanga domin waɗanda aka saka su samu inda za su nufa. A Malawi, waƙoƙin da aka ɗauka a gidan yarin Zomba a 2013 sun shiga jerin masu takarar lambar Grammy ta 2016, karo na farko da wani aiki daga ƙasar ya kai nan. Ba kowa zai kai Grammy ba, ba kuma wannan ake nema ba. Abin nema ƙarami ne: a wayi gari in an ambaci wane, wani ya ce, ai shi ne mai gungon ɗin nan, kafin wani ya ce ai shi ne aka ɗaure.

Mai karatu Bahaushe na iya cewa wannan duk al'adar Dagombawa ce. A wurinsu sarki da kansa yana fitowa ya taka rawar Damba a watan Mauludi, ba wanda zai ce girmansa ya zube. Mu kuwa mun gaji wani kallo dabam. Muna son kiɗa, muna raina makaɗi. Muna yi wa maroƙi kyauta, ba ma ba shi 'ya. Malamai da yawa, a Tamale ma kamar a Kano, suna da magana a kan kiɗa da rawa, kuma ba magana ce da za a share da hannu ɗaya ba. Amma ba a ce lalle sai ganga ba. Abin da ake nema shi ne aikin da mutum zai yi da jikinsa da hankalinsa tare da wasu, mai ƙa'ida, mai wahalar koyo, wanda in ya kammala za a gani a yaba. Rera ƙasida cikin jama'a yana da wannan. Zayyanar allo tana da shi, haka rubutun waƙa da ƙafiya da ma'auni, haka wasan kwaikwayo, haka saƙar fugu da aikin allura a wuyan riga. Wole Soyinka, da aka kulle shi kaɗai a Kaduna lokacin yaƙin basasar Najeriya, da 'yan guntayen takardu ya riƙe hankalinsa, yana rubutu a ɓoye. A tarihin Musulunci kuma an san cewa bayan yaƙin Badar, waɗansu kamammu da ba su da kuɗin fansa sun fanshi kansu da koya wa yaran Madina rubutu. Darasin da ke ciki shi ne an dubi kamamme an tambayi abin da ya iya, ba abin da ya yi kaɗai ba.

Wannan tambaya ce da ya kamata a shiga da ita babban gidan yarin Tamale da na mata da ke garin, da na Yendi da Salaga da Gambaga. A cikin mutanen da ke can akwai 'ya'yan lunsi, akwai masu goge, akwai waɗanda suka taso suna Simpa a dandalin unguwa, akwai matan da suka iya Tora tun suna 'yan mata, akwai almajiran da suka sauke. Ba sai an ɗauko gwani daga Turai ba. Garin Tamale yana da Cibiyar Raya Al'adu ta Ƙasa, yana da ƙungiyoyi irin su Youth Home Cultural Group da suka daɗe suna koya wa matasa kiɗa da rawar gargajiya, yana da makaɗa a kowace unguwa. Hukumar gidajen yari ta riga ta saba da koyar da ɗinki da kafinta da saƙa, kuma a gidan yarin Nsawam fursunoni sun yi karatun digiri da Jami'ar Cape Coast suna tsare. Ta wannan fuska dai ba za a ce babu hali ba. Abin da ake buƙata shi ne izini mai ɗorewa, da rana tsayayya a kowane mako, da ɗan abin da za a sallami malamin, da kuma gandiroban da ba zai ɗauki abin a matsayin raini ba. Sandar ƙarfe ta Takai ba za ta shiga gidan yari ba, wannan a fili yake, amma ta kara ko ta itace mai laushi tana koyar da taku ɗaya.

Saura babban gibin, wanda ke wajen katanga. Shigar mutum sarƙa tana da tsari da shaidu. Akwai ɗan sanda, akwai kotu, akwai alƙali da rigarsa, akwai ranar da aka faɗi hukunci kowa ya ji, wani lokaci har rediyo ta ɗauka. Fitarsa kuwa ba ta da komai. A buɗe ƙaramar ƙofa da hantsi, ya fito da 'yar jakar leda, ya jira duhu kafin ya shiga unguwa. An sanar da faɗuwarsa, ba a sanar da tashinsa ba. Kamar a wanke riga ne tas a shanya ta a kan juji.

Dagbon ta san cewa takarda ba ta rufe magana. Bayan kisan sarkin Dagbon, Ya-Na Yakubu Andani na Biyu, a Yendi a watan Maris na 2002, an yi kwamitin bincike, an yi shari'a, an yi dokar hana fita, amma gidajen sarautar biyu, gidan Abudu da gidan Andani, ba su daidaita ba. Sai da kwamitin manyan sarakuna ƙarƙashin Asantehene Otumfuo Osei Tutu na Biyu ya kai ga a yi bukukuwan makokin sarakuna biyu da aka daɗe ana jinkirtawa, na Mahamadu Abdulai na Huɗu da na Yakubu Andani, a ƙarshen 2018 da farkon 2019, sannan aka naɗa Ya-Na Abukari na Biyu a watan Janairun 2019. Abin da ya gagari kotu shekara goma sha bakwai, taro da ganga da idon jama'a suka kammala shi. Mutanen da suka san wannan a kan sarauta ba za su kasa gane shi a kan ɗan unguwarsu ba.

Ba wani gagarumin biki ake nufi ba, don ba gwaninta ya je ya yi ba. Kuma akwai wanda aka cuta, wanda shi ma yana da haƙƙi, bai kamata ya ga kamar ana yi wa wanda ya zalunce shi guɗa ba. Tsarin da zai yi ma'ana daga wurinsa zai fara: a je da dattawa a nemi gafara, a biya abin da za a iya biya. Bayan nan mai unguwa ko liman ya faɗa a gaban mutane cewa wane ya gama abin da hukuma ta ɗora masa, ya dawo. In ɗan gidan kiɗa ne, a bar shi ya rataya gangarsa a sha'ani na gaba. In ya koyi Takai a ciki, a buɗe masa wuri a da'ira. In ƙira'a ya koyo, a ba shi ya buɗe taro da ita. Ƙungiyar da ta koyar da shi a ciki ita ce ta fi dacewa ta karɓe shi a waje, kamar yadda aka yi a Douala, don kada ranar sakinsa ta zama ranar da ya rabu da abu ɗaya tilo da ya same shi mai kyau.

Mafi yawan waɗanda ke sarƙa a yau za su fito, ko an shirya musu ko ba a shirya ba. Za su dawo Kanvili da Sabonjida da Zangon Hausawa da Aboabo, su hau babur ɗaya da mu, su tsaya sahu ɗaya da mu. Unguwa ba ta da zaɓi a kan dawowarsu. Zaɓinta yana kan wanda zai fara yi musu maraba, domin tsofaffin abokan da suka kai su can ba sa jinkiri, ba sa kuma tambayar takardar 'yan sanda. In mai gareji da mai shago da mai gidan haya da liman suka tsaya suna jiran su ga kamun ludayinsa tukuna, waɗancan za su riga su isa.